Na ƙirga muryoyin da ke cikin rahotannina, kunya ta kama ni

Wakilin Bakin Kasuwa: Salamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanwata da ke karanta aikin jarida ta zo hutu, an ba su aiki su saurari labarai su rubuta wa ya yi magana, namiji ko mace. Don tsokana sai ta ce da ni za ta fara. Muka buɗe kwamfutata muka bi rahotannin da na aika cikin wata shida. Muryoyi sun haura ɗari, na mata ba su kai goma sha biyar ba. Su ɗin ma yawanci kuka suke: wadda gobara ta cinye wa shago, wadda aka sace wa ɗa, wadda ke layin tallafi. Mace ɗaya tak na saka a matsayin masaniya, ita ma ranar 8 ga Maris ce, ranar mata ta duniya. Wanda ya fi ci min rai shi ne rahoton tsadar gas ɗin girki. Mutum huɗu na yi hira da su: dillali, shugaban ƙungiya, malamin tattalin arziki da wani magidanci. Wadda take tsaye a kan tukunyar ba ta ciki. Ni kaɗai ne haka, ko kowa tsoron dubawa yake?

Tsohon Edita: Wa alaikumus salam. Yaro, kwantar da hankalinka, ba ka yi laifin komai ba. Jarida madubi ce, abin da ya tsaya gabanta shi take nunawa. Gwamna namiji, kwamishinan 'yan sanda namiji, sarki namiji, shugaban kasuwa namiji. Majalisar Dattawa kujera 109 ce, mata huɗu suka samu bayan zaɓen 2023, ta huɗun ma sai da kotu ta karɓo mata. Har yau Najeriya ba ta taɓa zaɓen gwamna mace ba. Ka je ka ƙirƙiro su ne? In madubi ya nuna maka ƙurji a fuska, ba madubin za ka kai asibiti ba.

Ɗalibar Jarida: Baba, da izininka in saka baki. Akwai binciken da ake kira GMMP, duk shekara biyar ake yin sa tun 1995. Ana zaɓar rana ɗaya, a bi labaran jaridu da rediyo da talabijin na ƙasashe da yawa, a ƙirga mutanen da aka ji ko aka yi labarinsu. A 1995, ƙasashe 71, mata kashi 17 ne cikin 100. A 2020, ƙasashe 116, sun kai kashi 25. Shekara 25 ke nan aka ƙaru da takwas kacal. Kuma cikin ƙasashen akwai waɗanda mata suka cika majalisunsu. Ke nan ba maganar kujerun mulki kaɗai ba ce.

Sarkin Gardama: An fara. Daga ƙirgen muryoyi sai a ce a raba limanci biyu. Ajandar Turawa ce kawai.

Anti Mai Labarai: Oga Tsohon Edita, ranka ya daɗe, na yi aiki a ƙarƙashin irinku shekara da shekaru, na san wannan karatun madubin tun ina sabuwar ɗauka. Amma madubi ba ya ɗaga waya ya kira mutum. Mu muna kira. Gwamna dai ba mu muka zaɓa ba, na yarda. To masanin da zai yi sharhi kan jawabin gwamnan fa, wa ya zaɓo shi? Mutanen da muke tarewa a titi mu ji ra'ayinsu, wa ya tare su?

Wannan bambancin shi BBC suka kama a shirinsu na 50:50, wanda Ros Atkins ya fara a 2017 a shirin labaran da yake gabatarwa. Ƙa'idar ba ta da wuya: ba a ƙirga wanda labari ya tilasta a saka, kamar shugaban ƙasa ko wanda abu ya faru a gabansa. Waɗanda ku kuka gayyato da hannunku su ake ƙirgawa kullum, a duba a ƙarshen wata. Kuma ba a ajiye wanda ya fi sani don a cike gurbi. Cikin 'yan watanni shirinsa ya kai rabi da rabi.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kowane ɗakin labarai a Arewa yana da malamai kamar biyar da ko ƙarfe biyun dare ka kira za su ɗauka. Mutum ɗaya zai yi maka sharhin yaƙin Yukren da safe, farashin taki da rana, ficewar Nijar daga ECOWAS da yamma. Ba don ya fi kowa sani ba, don lambarsa ce a saman wayarmu.

Ɗan Sashen Wasanni: Wallahi Anti na san mutum biyar ɗin nan, har da wanda yake fara kowace amsa da "to alal haƙiƙa".

Wakilin Bakin Kasuwa: Anti, ba kare kaina nake ba, amma ina kiran mata. Ga abin da nake samu: "Ba fannina ba ne, nemi wane." "Bari in tambayi maigida." "Kira ni gobe." Ni kuma ƙarfe biyar ake jiran muryar a situdiyo. Wata malamar jami'a da ta yi digiri na uku a kan abin da nake nema ta ce sai ta sake duba takardunta, in ba ta kwana biyu. Na kira abokin aikinta da bai taɓa rubuta layi ɗaya a kai ba, ya zuba min minti bakwai ba numfashi. Wa za ki saka in ke ce?

Maman Khalifa: Bari ni in amsa maka, tunda ina cikin masu cewa a kira gobe. Ni ungozoma ce, shekara goma sha shida a ɗakin haihuwa. Na farko, ma'aikacin gwamnati ba ya magana da 'yan jarida sai da izini, wannan doka ce a kan maza da mata. Amma namiji in ya karya ta, takardar tuhuma ɗaya ce a ofis. Ni tuhuma uku ke jirana: ta ofis, ta gida, ta dangin miji.

Sau ɗaya na taɓa yarda. Kan zubar jini bayan haihuwa aka tambaye ni, aka ɗauki bidiyo, aka saka a Facebook. Na yi bayanin alamomin da ya kamata a garzaya asibiti in an gan su. Ka san abin da aka tattauna a ƙasan bidiyon? Mayafina. Wani ya ce ya yi ƙanƙanta, wani ya tambaya ko ina da aure, wani ya ce mijina ba shi da kishi. Kafin magariba uwar mijina ta kira. Mutum biyu ko uku ne suka yi maganar jinin. Daga ranar na rufe bakina. Don haka in mace ta ce maka bari ta yi shawara, ba jahilci ba ne, lissafin abin da zai biyo baya take.

Ɗalibar Jarida: Allah sarki Mama. Su kansu 'yan jarida mata haka suke sha. Binciken da UNESCO ta yi da cibiyar 'yan jarida ta ƙasa da ƙasa, ICFJ, a 2020 ya nuna kashi 73 cikin 100 na mata 'yan jaridar da suka amsa tambayoyin sun gamu da cin zarafi ta intanet saboda aikinsu.

Sarkin Gardama: To ai kun ga hikimar da ta sa aka ce muryar mace al'aura ce. Da ta zauna shiru wa zai zage ta?

Almajirin Zaure: Malam Sarkin Gardama, a yi hattara da jingina wa addini abin da bai faɗa ba. Ayar da ake kafa hujja da ita a Suratul Ahzab, aya ta 32, rangwaɗa murya ta hana, kuma a ƙarshenta umarni ne da a faɗi magana ta alheri. Da muryar ce kanta haramun, da ba a ce a yi maganar ba. Manyan sahabbai maza sun riƙa zuwa suna tambayar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, hadisan da aka ruwaito daga gare ta sun haura dubu biyu. Kai ɗan jarida ka duba da kyau, ilimin isnadi ai tantance majiya ne: wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne? Malaman hadisi ba su taɓa jefar da ruwaya don mace ce ta kawo ta ba. A nan ƙasar ma Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'yan taru. Wanda ya zagi baiwar Allah don ta koya wa mutane yadda za a ceci mai jego, shi ke da abin tuba.

Sarkin Gardama: Na ji, Malam. Amma har yanzu ban ga abin da aka rasa ba don namiji ne ya faɗi labari. Gaskiya ai gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito.

Tsohon Edita: A nan kam zan saɓa maka, ko da yake ɗazu kamar layi ɗaya muke. Na tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinaren a cikin gidaje ake daka shi ana niƙawa, a tsakar gida inda yara ke rarrafe, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. Su wa ke wurin? Mata. Su suka ga yaran suna suma suna sanƙarewa tun kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su gano dalilin. Mu kuma da muka aika yara maza, a ƙofar gida suka tsaya. Suka ji ta bakin mai gari, suka ji ta bakin jami'i, suka dawo. Kun san abin da ake rubutawa a bangon zaure: ba a shiga. Rabin labarin yana bayan wannan rubutun, kuma ba ni da wanda zan tura ya wuce shi. Wannan ya daɗe yana damuna, ban dai taɓa faɗa ba.

Amma ban janye maganata kan ƙirge ba. Ina tsoron ranar da za a saka mace don a cike lissafi, ta yi kame-kame, a ce ga irinta nan.

Anti Mai Labarai: Oga, maza nawa suka yi kame-kame a shirye-shiryenmu ba a ce ga irinsu nan ba? Namiji in ya kwafsa, wane ne ya kwafsa. Mace in ta kwafsa, mata ne suka kwafsa.

Kuma tunda ka kawo zancen wanda za ka tura, bari in tambaye ka, me ya sa babu? Lokacin da aka ɗauke mu aiki mu huɗu ne mata. Ba a tambaye mu abin da muke so ba. Ɗaya filin girke-girke, ɗaya shirin yara, ɗaya gaishe-gaishe, ni kuma karanta labarai saboda wai muryata da daɗi. Karanta abin da maza suka rubuto, ka gane. Da na nemi a tura ni majalisar jiha sai aka ce zaman yana kaiwa dare, wa zai mayar da ni gida? Gidan gwamnati kuwa ko a mafarki, don kowa ya san can ne ake samun na goro, manya sun riga sun raba. Shekara shida na yi kafin a bar ni in riƙe rakoda in fita. Cikin mu huɗun ni kaɗai na rage, aure da aikin dare suka kwashe sauran, kuma babu wanda ya taɓa zama ya ce bari a gyara jadawalin aiki ko a samo motar da za ta kai mutane gida.

Tsohon Edita: Ba zan musa ba. Amma kar yaran nan su ɗauka ba a taɓa yi ba. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe Sunday Triumph a Kano a shekarun 1980, ta zo ta zama editar New Nigerian a Kaduna, daga baya mujallar Citizen. Ba shafin mata ta riƙe ba, jaridar gaba ɗaya, maza na kawo mata rubutu tana jan jan biro a kai. Allah ya karɓi ranta a turmutsitsin Mina a 2015, Allah ya jiƙanta. Jamilah Tangaza ta shugabanci sashen Hausa na BBC. Kadaria Ahmed ta titsiye 'yan takarar shugaban ƙasa gabanin zaɓen 2019, kowa ya gani.

Anti Mai Labarai: Amin. Amma Oga ka lura, shekara arba'in ka ratsa, sunaye uku ka kawo.

'Yar Damagaram: Sannunku 'yan Najeriya, ina biye da ku. Mu ma muna da tamu, marigayiya Mariama Keita, mace ta farko 'yar jarida a Nijar, ta riƙe gidan rediyon ƙasa Voix du Sahel, ta shugabanci hukumar kula da kafofin watsa labarai, ta rasu a 2018. Abin da nake so in ce wa Baba Edita shi ne, mu an gwada gyara fuskar da ke gaban madubin. Tun 2000 muke da dokar kason mata, a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe da kashi 30 na naɗe-naɗe. Kafin juyin mulkin Yulin 2023 majalisarmu ta fi taku mata nesa ba kusa ba. Amma ka kunna rediyo lokacin muhawarar siyasa, su wa za ka ji? Maza. 'Yar majalisa sai in zancen auren wuri ne ko karatun 'ya'ya mata a lakwal ake nemanta. Kasafin kuɗi da tsaro kuwa kamar ba ta cikin zauren da aka yi su.

Ga dabarar da ta yi min aiki. Na daina cewa mace ta zo situdiyo ko ta amsa waya nan take. Ina tura mata tambaya ta WhatsApp tun da safe, in ce ta aiko da saƙon murya in ta samu sarari. Wata sai ta sallami yara ta yi, wata ta yi sau uku ta goge kafin ta turo. Abin da ke zuwa ya fi na mai zuba minti bakwai tsari. Ba hoto, ba bidiyo, ba mai zancen mayafi.

Ɗalibar Jarida: Wani marubucin kimiyya, Ed Yong, lokacin da yake mujallar The Atlantic ta Amurka, ya yi irin ƙirgen Yaya Wakili. Ya tarar mata kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na waɗanda yake ambata. Ya buɗe jadawali yana rubuta kowa, cikin shekara biyu ya kai rabi. Ya ce ƙarin aikin bai wuce kamar minti 15 a kowane rubutu ba. Kuma GMMP na 2020 ya nuna labaran da mata suka haɗa, kashi 31 na mutanen ciki mata ne, na maza kuma kashi 24.

Ɗan Sashen Wasanni: Ƙanwata, shi wannan albashinsa na shiga a kan lokaci, kuma yana da mako guda kan rubutu ɗaya. Wakili rahoto uku yake aikawa a rana, da katin wayarsa da kuɗin adaidaitarsa. Minti 15 sau uku, wa zai biya?

Uwar Biyu: Ni mai sauraro ce kawai, amma akwai abin da ban ji an taɓo ba. Ko kun kai rabi da rabin nan, ina tsoron mata goma ne na Abuja da Kaduna masu ƙungiyoyi za su zama sababbin mutum biyar ɗin da Anti ta faɗa. Kullum su, kullum taron otal. Matan Kura da ke turara shinkafa sun fi kowa sanin lokacin da farashin shanshera ya motsa. Mai ƙuli-ƙuli ta san kuɗin gyaɗa kafin masanin jami'a ya ji. Waɗannan ba su da lambar da ke yawo a wayoyin 'yan jarida, kuma in kun je ƙauyen miji ne zai fito ya ce abin da take nufi shi ne kaza. Kashi 31 ɗin da ɗaliba ta kawo ma ai ya nuna su kansu matan jaridar maza suka fi kira.

Anti Mai Labarai: Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma har da ni a ciki. Littafin lambobin da na gada daga manyana na maza ne, da shi na yi shekaru ina aiki ban taɓa tambaya ba.

Maman Khalifa: Kuma masanan ma suna nan in ana so. A Kano Farfesa Hadiza Galadanci take, tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya rage mummunan zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60. Mujallar TIME ta saka ta cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024. Ɗalibanta mata sun cika asibitocin Arewa. Amma in za a yi shiri kan mutuwar mata wurin haihuwa, sau nawa za ka ji maza uku sun zauna suna tattaunawa?

Mai Kula da Zaure: Jama'a, maganar ta yi albarka. Shawara: mu buɗe jerin sunayen mata masana, kowa ya kawo wadda ya sani da fanninta da garinta, likita, lauya, injiniya, manomiya, 'yar kasuwa. In an amince zan buɗe yau.

Maman Khalifa: A buɗe, amma kar a saka lambar kowa a fili sai an tambaye ta. Zauren nan mutum nawa ne a ciki? Tawa dai kar a saka.

Tsohon Edita: A ƙara da sharaɗi ɗaya: kar a rubuta "harkokin mata" a matsayin fanni. A rubuta abin da ta karanta ko take sana'a a kai.

Sarkin Gardama: Ni dai ina nan, zan ga wanda zai fara gajiya da ƙirgen. Wata biyu na ba ku.

Wakilin Bakin Kasuwa: Mun ji, a rubuta ranar. Ni gobe zan sake rahoton gas ɗin daga farko. Akwai wanda ya san mai abincin sayarwa da ta bar gas ta koma gawayi ko itace?

Maman Khalifa: Maƙwabciyata mai waina. Zan tambaye ta da daddare, in ta yarda in turo maka ta akwatinka. Kar ka kira kafin sha ɗaya, tana kan tanda. Kuma murya kawai, ban da hoto.